Birkin siramik a motar gudu ta hannu: tambayoyin da ƙanena ya yi min a Jidda

Wani ƙanena ya sayi Porsche 911 ta hannu a haraj, wato kasuwar motocin hannu, tun bai gama murna ba ya ce sai ya cire birkin ƙarfe ya sa na siramik. Ga yadda muka yi da shi.

Yaya, wai mene ne ma birkin siramik ɗin?

Kala biyu ne fa, mutane na cakuɗa su. Akwai takalmin birki na siramik, shi ba tsada, a kan faifan ƙarfe ake sa shi. Sai faifan kansa na kabon-siramik, da zaren kabon da silikon kabaid ake yin sa, shi Porsche ke kira PCCB, tun 2001 yana kan 911 GT2. In ka leƙa taya ka ga kalifa, wato abin da ke matse takalmin birki a kan faifan, ruwan ɗorawa galibi shi ne. Nauyinsa kusan rabin na ƙarfe.

Zai sa motar ta fi saurin tsayawa?

A taku ɗaya ba wani bambanci sosai, ai taya ce ke riƙe kwalta. Inda yake nuna kansa wajen zafi ne, misali ka gangaro daga Ɗa'if ta hanyar Hada kana ta taka birki kwana bayan kwana, na ƙarfe zai ɗau zafi ya fara sanyin kamu, shi ko yana nan daram. Ba ya tsatsa a danshin Jidda, kuma ba ya baƙanta maka rim da ƙura.

To in samo na hannu a tashlih mana, inda ake farfasa motoci a sayar da kayansu?

Nan ne nake jin tsoro wallahi. Faifan ƙarfe in ya cinye kana gani, kana shafawa da yatsa ka ji gaɓa a bakinsa, shi ko na siramik zafi ne ke ƙone kabon ɗin da ke cikinsa, a ido yana nan kamar lafiya lau alhali nauyinsa ya ragu. Shi ya sa ake kwance shi a wanke a ɗora a sikeli, akwai mafi ƙarancin nauyi da aka rubuta a jikinsa, in ya gaza haka ya gama aiki. Ka duba gefensa da tocila kuma, ko rim ne ya buge shi wajen cire taya yana iya ɓantarewa, kuma ba a gyara shi a injin sassabe ƙarfe kamar na ƙarfe. Mai kaya ya ƙi a auna, ka bar masa abinsa.

Faifan kawai zan canza?

Ina! Da kalifa da mariƙinta da takalmin da aka yi dominsa, sannan ka tabbata rim ɗinka zai ɗauke shi don ya fi faɗi.

Kai me za ka yi?

Ni dai tunda yawonka daga Kornish, titin bakin tekun Jidda, ne zuwa gida, sabon faifan ƙarfe mai kyau zan sa da takalmi nagari, in juye man birki in zuba sabon DOT 4, sauran riyal ɗin in sayi taya huɗu.