Daga Fensir Zuwa Ashana: Waiwaye Kan Gwajin Gigin Tsufa

A 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter a wani asibiti a birnin Frankfurt na Jamus. Likita Alois Alzheimer ya tambaye ta sunanta, ta ce Auguste. Ya ce na mijinta fa? Ta sake cewa Auguste. Har gobe gwajin cutar mantuwa, wadda mu muka fi sani da gigin tsufa, irin waɗannan ƙananan tambayoyin ne.

A 1975 Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka tsara su a takarda guda a Amurka, suka sa mata suna MMSE. Maki 30 ne: yau nawa ga wata, a wane gari muke, riƙe kalmomi uku a ka, yi ta cire bakwai daga ɗari, rubuta jimla, kwaikwayi zane. Wanda ya gaza 24 sai a fara zargin da matsala. A 2005 Ziad Nasreddine na Montreal a Kanada ya wallafa wani gwajin mai suna MoCA, wanda ya fi kama cutar tun tana ƙarama. A ciki har da zana agogo mai nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma.

To a nan gizo ke saƙa. Ɗauki goggo 'yar shekara saba'in da biyar wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba. Ta san yau nawa ga Sha'aban, lissafin adashi ba ya kuɓuce mata, jikoki talatin duk tana kiransu da suna. A miƙa mata takarda a ce ta zana agogo, hannu na rawa, kunya ta rufe ta. Za ta faɗi, alhali lafiyarta lau. MoCA na ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma a ganina maki ɗaya ba ya share wannan rashin adalci.

Gyara mai ma'ana daga Ibadan ya taso. Binciken haɗin gwiwa na birnin Indianapolis na Amurka da Ibadan, wanda aka fara a 1992, ya yi aiki da CSI-D, gwajin da ke haɗawa da jin ta bakin wani na gida: ta fara ɓata a hanyar da ta sani? Tana manta tukunya a wuta? Sannan a 2005 Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka maye gurbin fensir da tsinken ashana huɗu. Mai gwaji ya jera su, tsohuwa ta jera irinsu. Ashana kuwa babu tsohuwar da ba ta saba da ita ba. Gwajin IDEA da aka tsara a gundumar Hai ta Tanzaniya shi ma ya ɗauki wannan dabara.

Faɗuwa kowanne daga cikin waɗannan gwaje-gwaje dai ba hukunci ba ne. Sai likita ya duba kunne, ya auna jini don ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo, ya bincika ciwon damuwa, domin duk suna iya shigar burtu su fito a kamannin mantuwa, kuma suna da magani.