Buɗaɗɗun kayan karatu a jami'a: mene ne su, kuma me malami zai yi da su?

Mene ne ake nufi da buɗaɗɗun kayan karatu?

Littattafai ne, da takardun darasi, da bidiyon lacca, da tambayoyin gwaji, waɗanda mai su ya sake wa jama'a tare da izini a rubuce cewa kowa na iya kwafa, ya raba, ya gyara, ba sai ya nemi yardarsa ba. Abin ya yi ƙarfi ne tun 2001, lokacin da jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta ɗora kayan darussanta a intanet kyauta. A 2002 hukumar UNESCO ta kira taro a birnin Faris kan lamarin, sannan a Nuwamban 2019 ƙasashen da ke cikinta suka amince da shawarar bai ɗaya ta ƙarfafa irin waɗannan kayan.

Ai littattafai na yawo a WhatsApp kyauta. Ina bambancin?

Littafin da ɗan ajinku ya tura a guruf, ko wanda mai shagon fotokwafi ya buga ya ɗaure da baƙin tef, kyauta ne ko mai araha, amma mai shi bai ba da izini ba. Ba ka da ikon sauya ko layi ɗaya ka sake rabawa da sunanka. Buɗaɗɗen littafi kuwa yana ɗauke da lasisi, galibi na Creative Commons, ƙungiyar da ta fitar da lasisinta na farko a ƙarshen 2002. Duba shafin farko ko na ƙarshe: idan ka ga CC BY, yi abin da ka ga dama, ka dai ambaci mai shi. NC na nufin kada ka yi kasuwanci da shi. SA na nufin abin da ka gyara ka sake shi da irin wannan lasisin. ND kuwa ya hana raba wanda aka gyara, shi ya sa da yawa daga masu wannan harka ba sa lissafa shi cikin buɗaɗɗu.

To me wannan zai sauya a koyarwa?

A ganina nan ne amfanin yake, ya fi batun kuɗi. A ɗauki malamin tattalin arziki a Kano. Ya sauke littafin OpenStax, shirin jami'ar Rice da ke jihar Texas, wanda ya fara fitar da littattafai a 2012. Bayanin yana da kyau, amma misalan na Amurka ne, da dala da kayan da ɗalibinsa bai taɓa gani ba. Tunda lasisi ya ba shi dama, sai ya cire su ya sa farashin buhun masara a kasuwar Dawanau: yadda yake faɗuwa da kaka idan kaya sun cika kasuwa, ya kuma hau da bazara. Ya yanke babi uku da manhajarsu ba ta buƙata, ya fassara taƙaitawar kowane babi da Hausa don 'yan aji ɗaya.

Ɗalibai ma suna shiga ciki. Maimakon aikin gida da za a duba a jibge a lungun ofis, malami na iya sa su rubuta tambayoyin gwaji da 'yan baya za su yi amfani da su, ko su gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa. Ɗalibin da ya san jama'a za su karanta aikinsa ba ya yin sa da ka.

Abin kyauta yana da inganci kuwa?

Wani yana da shi, wani tarkace ne, kamar na kuɗin. Littattafan OpenStax masana ne ke duba su kafin a fitar. Sauran kuma, tacewa aikin malami ne.

Akwai irin wannan a nahiyarmu?

Akwai. Jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, NOUN, tana ɗora littattafan darussanta a shafinta, kuma ɗaliban wasu jami'o'in ma na saukewa. Shirin TESSA na horar da malamai, wanda Open University ta Ingila ta fara a 2005, ya yi aiki da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da kuma buɗaɗɗiyar jami'ar Sudan, yana da kaya da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili.

Me ke hana malamai rungumar abin?

Na farko, ƙarin girma. Malami na zama farfesa ne da maƙalun da ya buga a mujallun bincike. Wata shida da ya kashe yana gyara littafin aji da ƙyar ake lissafa masa. Na biyu, handawut: wanda ke samun na cefane daga sayar da takardunsa, ba ka ce masa ya sake su kyauta kai tsaye, musamman idan albashi na makara. Akwai kuma mai tsoron abokan aiki su ga kura-kuransa. Sai data da wutar lantarki, waɗanda ke sa bidiyon lacca na awa guda ya gagari ɗalibi. Shi ya sa malamin da ya san ajinsa ke zaɓar takarda mara nauyi, wadda za a tura ta Xender daga waya zuwa waya ko a buga a shagon bakin ƙofar makaranta.