Waiwaye: inda ilimin barci da karatun EEG suka raba hanya

Na'ura ɗaya ce ta haifi fannonin biyu. A 1929 likitan Jamus Hans Berger ya wallafa zanen farko na wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wato EEG. A 1935 masu bincike Gibbs da Davis da Lennox suka nuna alamar wata farfaɗiya a jikin zanen, tsini da tudu sau 3 a daƙiƙa. Bayan shekara biyu Alfred Loomis da abokan aikinsa suka kasa barci mataki-mataki da irin wannan zane.

Takardar da na'urar ke zane a kanta ce ta fara raba su. Mai neman farfaɗiya yana sakinta milimita 30 a daƙiƙa, kowane shafi ya ɗauki daƙiƙa 10. Mai awon barci kuwa dare guda ne a gabansa, sai ya rage gudun zuwa milimita 10, shafi ya koma daƙiƙa 30. Kundin awon barci na Rechtschaffen da Kales na 1968 ya mayar da hakan ƙa'ida. Takardar ta kau, amma allon kwamfuta bai canja tsawon shafukan ba.

Sai numfashi ya shigo. Henri Gastaut na Marseille, wanda shi kansa gwanin farfaɗiya ne, yana cikin waɗanda suka bayyana ɗaukewar numfashi a barci a 1965. Da Colin Sullivan ya fito da na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don kada numfashi ya ɗauke, a Ostareliya a 1981, masu minshari suka cika ɗakunan awo, likitocin huhu suka yi rinjaye. A Amurka yanzu kowane fanni da horonsa na shekara guda da jarrabawarsa, don haka likitan ƙwaƙwalwa mai son duka biyun yakan ƙara shekara biyu.

A bakin iyakar nan ake tafka kuskure. EEG na yau da kullum waya 21 ake mannawa a kai, a ɗauka na minti 20 zuwa 30. Awon barci layuka uku kacal yake dubawa, goshi da tsakar kai da ƙeya, ba ya taɓa gefen kai inda farfaɗiyar manya ta fi ɓuya. Matatarsa, wato abin da ke tace zanen, tana yanke duk motsin da ya haura sau 35 a daƙiƙa, sai tsini ya dakushe, shafin daƙiƙa 30 kuma ya matse shi. A ɗaya ɓangaren, wanda bai saba da barci ba yakan ga kaifin zanen gyangyaɗin yaro ya kira shi farfaɗiya, a ɗora lafiyayye kan magani.

Wanda ya iya duka biyun, idan aka kawo masa mai firgita da dare, cikakkun wayoyi yake sawa tare da bidiyo, ya buɗe matata zuwa 70, ya karanta a shafin daƙiƙa 10. Farfaɗiyar da ke tasowa daga gaban ƙwaƙwalwa gajeriya ce, ba ta cika kai minti 2 ba, tana maimaita kanta iri ɗaya sau da yawa a dare. Magagi kuwa daga barci mai nauyi yake tasowa, galibi a sulusin farko na dare, kuma kowane da kamarsa.