Wace tuta ce daidai idan mulki ya sauya hannu?

Idan ana zane ko ba da labarin tarihi, me zai hana a sa tutar da ƙasa ke amfani da ita yau, a huta?

Domin tuta ma tana da ranar haihuwa. Wanda ya zana Nelson Mandela yana fitowa daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990, ya kafa masa tutar Afirka ta Kudu mai launi shida, ya riga malam masallaci. Sai ranar 27 ga Afrilu 1994 aka fara ɗaga ta.

Ashe ba ranar da gwamnati ta faɗi ake sauya tuta ba?

Ba kullum ba, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Juyin juya halin Iran ya yi nasara a Fabrairu 1979, amma tutar nan mai kabbara 22 a gefen kore da ja sai a Yuli 1980 aka amince da ita. Jamus ta Gabas kuwa, shekara goma ta yi tana ɗaga tuta iri ɗaya da ta Yamma, kafin ta ƙara tambarinta a 1959.

Zamanin Gaddafi a Libiya fa, ba koriyar tuta ba ce?

Ita mutane suka fi riƙewa, amma ta uku ce. Da ya hamɓarar da Sarki Idris a 1969, ja da fari da baƙi ya ɗaga. A 1972 aka sa shaho mai ruwan zinare a tsakiya, saboda tarayya da Masar da Siriya. Koriyar nan da ba zane ba rubutu sai a 1977 ta zo, ta zauna har 2011, aka koma ta zamanin sarauta. Duk lokacin da na ga an liƙa ta a labarin 1970, raina yakan ɓaci, don an share shekara takwas ke nan daga tarihin mutane.

Idan tuta biyu na tashi a lokaci guda fa?

A tambaya: ta wa ake nufi? Daga Agusta 1991 Rasha ta koma fari da shuɗi da ja, alhali jar tutar Tarayyar Sobiyat tana bisa fadar Kremlin har daren 25 ga Disamba. Mai magana kan Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, ya ɗauki ta farko, mai magana kan Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya ɗauki ta biyu. Idan kuwa ana yaƙi, kowane ɓangare na cewa shi ne gwamnati, ni dai na fi son a nuna duka biyun, a rubuta ƙarƙashin kowace sunan masu ita da ranar da suka fara ɗaga ta.