Wane ne "wawa" a Littafin Karin Magana?

A bakin Bahaushe, wawa shi ne wanda kansa ba ya ja: a aike shi gishiri ya sayo kanwa, a cuce shi a ciniki yana ta godiya. Da wannan fahimtar yawancinmu muke buɗe Littafin Karin Magana, wanda tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ta kira Misalai. Sai mu karanta surorin nan 31 hankali kwance, muna ganin ba da mu ake ba, tunda mun yi makaranta.

Ibrananci, harshen da aka rubuta littafin da shi, yana da kalmomi dabam-dabam a nan. Akwai "feti", ɗanyen kai, wanda 14:15 ta ce kome aka faɗa masa sai ya gaskata. Wannan da sauƙi, ana iya koya masa. Akwai "kesil", wanda aka fi ambata, shi ne 26:11 ta kwatanta da karen da ke komawa ga amansa. Sai "ewil", wanda hanyarsa daidai take a idonsa, ba ya jin shawara (12:15).

A kan wannan na ukun aka yi maganar da ta fi tsaya mini a rai, a 27:22: ko ka zuba shi a turmi tare da hatsi ka yi ta kirɓa da taɓarya, wautarsa ba za ta rabu da shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mace tana surfe ya san abin da ake nufi. Ta yayyafa ruwa, ta daka, ta sheƙe, dusa ta tafi, tsaba ta rage. Gero ma yana sakin dusarsa in ya sha taɓarya. Wannan mutum kuwa wahala ta daka shi, asara ta daka shi, ya fito yadda ya shiga, yana ɗora laifi a kan maƙiya.

Ashe wautar da ake magana ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ce, ƙin karɓar gyara ne. Nabal na 1 Sama'ila 25, wanda sunansa ma wawa yake nufi, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Ba a tara irin wannan garke da dolanci. Amma baransa ya gaya wa Abigel, matar Nabal, cewa maigidan ba mai iya yi masa magana.

Hikima kuma, "hokma", ita ce kalmar da Fitowa 31 ta yi amfani da ita ga Bezalel, gwanin aikin zinariya da sassaƙa. Gwaninta ce, irin wadda ake koya a gaban wanda ya fi ka, da kunne a buɗe. Shi ya sa Karin Magana 9:10 ta sa tsoron Ubangiji a mafarinta, Yesu kuma a Matiyu 7 ya raba magina biyu da abu guda: dukansu sun ji maganarsa, ɗaya ne ya aikata.

Na ga wannan a kaina. Shekarun baya ina koyar da matasa a ikkilisiyarmu, wata dattijuwa daga zumuntar mata ta ja ni gefe bayan sujada, ta ce, "Ɗana, kana da sani, amma yadda kake gwale yaran nan in sun yi tambaya, ba za su ƙara tambaya ba." Na ce na gode, Mama, a zuciyata kuwa ina cewa ita da ko karatu ba ta iya sosai ba. Kafin damina ta wuce, benci biyu na baya sun zama wayam. Na haddace 12:15 tun ina makarantar Lahadi, sai da na bi yaran gida-gida ina ba su haƙuri na gane wanda ayar take nufi.