Waiwaye: Yadda Beatles suka naɗi faifansu na farko a yini guda

Da hantsin ranar 11 ga Fabrairun 1963 wasu samari huɗu 'yan Liverpool suka shiga sitidiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, ba su fito ba sai da dare ya yi nisa. Waƙoƙi 10 daga cikin 14 da ke kan Please Please Me, faifan farko na ƙungiyar Beatles, a wannan yinin aka naɗe su. Sauran 4 sun riga sun fita a ƙananan faya-fayai.

Masu ba da labarin sukan tsaya a kan wannan sauri kamar wani abin al'ajabi ne. A ganina gumin da aka zubar tun baya ne ya biya. Tun watan Agustan 1960 John Lennon da Paul McCartney da George Harrison suke kiɗa a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, sa'o'i da yawa kowane dare, sannan su dawo gida su ci gaba a Cavern Club, wani gidan kiɗa a Liverpool. Waƙoƙin sun zauna musu a hannu da maƙogwaro tun kafin su ga na'urar naɗa. Ringo Starr ne baƙo a cikinsu, don sai a Agustan 1962 ya karɓi ganguna daga hannun Pete Best.

Ƙofar ma ba ta buɗu da sauƙi ba. Kamfanin Decca ya gwada su ranar 1 ga Janairun 1962, ya ce ba ya so. Manajansu Brian Epstein ya yi ta yawo da muryoyinsu har George Martin, mai shirya faya-fayai a Parlophone, wani reshen EMI, ya karɓe su. Waƙarsu ta farko, Love Me Do, ta tsaya a lamba ta 17 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Ta biyu ta yi kasuwa sosai, shi ya sa kamfani ya matsa a fitar da cikakken faifai tun da zafi-zafi.

Ranar naɗin kuwa mura ta kama Lennon. Martin ya ajiye waƙar Twist and Shout, wadda Lennon ke rerawa, zuwa ƙarshe, don ya san bayanta babu sauran murya. Ɗaukar farko ce aka saka a faifan, kuma mai saurare yana jin yadda maƙogwaron ke karcewa.

Abin da ya fi wannan saurin muhimmanci shi ne waƙoƙi 8 Lennon da McCartney ne suka rubuta da kansu, a zamanin da akasarin mawaƙan Ingila ke jiran a rubuto musu. Sauran 6 aro ne daga Amurka.

Faifan ya fito ranar 22 ga Maris 1963, ya hau lamba ta ɗaya a watan Mayu, ya yi makonni 30 a can. Wanda ya sauke shi kuwa faifansu ne na biyu, With the Beatles. A Amurka kamfanin Capitol ya ƙi shi da farko, sai ƙaramin kamfanin Vee-Jay ne ya fitar da yawancin waƙoƙin a Janairun 1964, da wani suna dabam.