Injin sitiroka

Injin sitiroka shi ne injin mota da aka sauya wa karanshaf, wato sandar da ke mayar da hawa da saukar fistin ya zama juyi, domin fistin ya riƙa cin zango mai tsawo a cikin silinda fiye da yadda kamfani ya ƙera shi. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci da ke nufin wannan zango, wato tazarar da fistin yake yi daga ƙasa zuwa sama. Idan zangon ya ƙaru, kowace silinda takan zuƙi iska da mai fiye da da, cikin inji ya ƙaru ke nan ba tare da an sake bulok, wato gangar jikin inji, ba. Masu motocin shiga daji da hawan duwatsu suna son wannan aiki ƙwarai, domin abin da suke nema shi ne ƙarfin murɗa tun inji yana juyawa a hankali, ba gudu ba.

Lissafi

Ana samun girman cikin inji ne idan aka ninka girman filin fuskar fistin da tsawon zango, sannan da yawan silinda. Saboda haka hanya biyu ce ta ƙara shi: a faɗaɗa silinda, ko a tsawaita zango. Ta farko ba ta nisa, domin bangon silinda yana da iyakar abin da za a kankare. Ta biyu ce take ba da ƙari mai kauri.

Tarihi

Dabarar ta yi ƙarfi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a kudancin Kalifoniya, inda matasa masu tseren motoci suke harhaɗa injuna daga kayan da suka tsinto a wuraren tsofaffin motoci. Injin Ford mai silinda takwas wanda ya fito a 1932 shi ne abin wasansu. Samfurinsa mai lita 3.9 yana da zangon inci 3.75, amma a 1949 Mercury, wani reshen Ford, ta fitar da ɗan'uwansa mai zangon inci 4, kuma karanshaf ɗinsa yana shiga bulok ɗin Ford. Nan da nan ya zama abin nema. Wasu ma ba su tsaya nan ba, sai su kai shi a fiƙe wuyan da kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ke kamawa ta gefe guda, cibiyarsa ta gusa waje, zango ya kai inci 4 da sumuni ɗaya.

Sitirokar da ta fi suna ita ce Chevrolet 383 (irin wannan lamba girman cikin inji ce a ma'aunin inci mai kubik), wadda ta bazu wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Ana ɗaukar bulok ɗin injin 350, mai lita 5.7, a faɗaɗa silinda da inci 0.030, a sa masa karanshaf ɗin injin 400 da kamfanin ya yi daga 1970 zuwa 1980. Zango ya tashi daga inci 3.48 zuwa 3.75, inji ya koma lita 6.3. Sai an rage kaurin manyan wuyoyin karanshaf daga inci 2.65 zuwa 2.45 kafin ya zauna. Yau kamfanoni suna ƙera shi sabo da ma'aunin da ake so, amma asalin aikin na masu ƙaramin ƙarfi ne da suka gane cewa injuna biyu na gida ɗaya za su iya aron kayan juna.

Ford tana da 331 da 347 daga bulok ɗin 302, Chrysler kuma 408 daga 360. A tseren hamadar Baja ta Meziko da makamantansa, an daɗe ana sa wa injin Volkswagen mai sanyaya kansa da iska karanshaf mai milimita 78 ko 82 a madadin 69 na asali.

Sitirokar Jeep mai araha

A fagen motocin daji babu misalin da ya kai na injin Jeep mai lita 4.0, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Zuriyarsa ta faro ne a 1964, lokacin da kamfanin AMC (American Motors, wanda daga baya ya mallaki Jeep) ya fitar da inji mai silinda shida a jere, wanda karanshaf ɗinsa ke kwance a kan mazauni bakwai. Daga wannan gida aka sami injin 258, mai lita 4.2, daga 1971 zuwa 1990, sannan mai lita 4.0 da ya fara da Cherokee ta 1987, shekarar da Chrysler ya sayi AMC, ya ƙare a Wrangler ta 2006. Na farkon silindarsa tsukakkiya ce, zangonsa dogo, inci 3.895. Na biyun silindarsa ta fi faɗi, inci 3.875, amma zangonsa bai wuce kusan inci 3.41 ba. Haɗa faɗin wannan da zangon wancan shi ne dukan dabarar.

Abin da ya sa aikin yake da araha wata dacewa ce ta ma'auni. Dogon karanshaf yana ɗaga fistin sama da kimanin inci 0.24 fiye da na asali. Shi kuwa kwanrod ɗin 258 tsawonsa inci 5.875 ne, na 4.0 kuma 6.125, bambancin inci 0.25 cif. Idan aka ɗauko karanshaf da kwanrod daga tsohon 258 aka haɗa da fistin irin na 4.0, fistin yana tsayawa kusan inda ya saba, ba ya dukan kan inji. Da haka ake samun lita 4.5. Idan an faɗaɗa silinda da inci 0.030 ya zama 4.6, da 0.060 kuma kusan 4.7.

Ba kowane karanshaf ɗin 258 ne yake shiga kai tsaye ba. Tsofaffin suna da dogon hanci, don haka sai an yanke shi ko an sa zobe, in ba haka ba bel ba zai hau layi ɗaya da sauran fuli ba. Akwai mai ƙarafan daidaita nauyi 12, na shekarun farko, da mai 4 wanda bai kai shi nauyi ba. Masu hawan duwatsu da yawa sun fi son mai nauyin, saboda ba ya barin inji ya mutu da sauri idan taya ta ci karo da dutse ana tafiyar hawainiya.

Inda ake yawan yin asara shi ne wajen matsi. Injin 4.0 ya fito da matsi na kusan 8.8, wato fistin yana danne iska har wurin da take ciki ya ragu ninki 8.8, kuma da an ƙara zango sai ya haura, domin iska mai yawa ce ake dannawa a ɗaki ɗaya. Idan ya yi yawa, man fetur na yau da kullum yakan fashe kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa a kan hawa, kuma wannan yana fasa fistin. Maganinsa shi ne a zurfafa kwarmin da ke saman fistin, tare da kiyaye 'yar tazarar da ke tsakanin gefensa da kan inji ta zama ƙanƙanuwa, wajen inci 0.040. Maƙeri mai hankali ba ya yarda da girman kwarmin da aka rubuta a kan kwalin fistin. Yakan shafa ɗan giris a bakin kwarmin, ya rufe da faranti mai gani-har-hanji, ya ɗiga ruwa daga bututun awo har kumfar iska ta ƙarshe ta fita, ya rubuta abin da ya shiga, silinda bayan silinda.

Sai a ƙara girman nozul, masu fesa wa inji fetur, domin mai ya wadatar. Kan injin da ke ɗauke da lamba 0331, na shekarun 2000 da 2001, an san shi da tsagewa, don haka a kan duba shi da kyau kafin a mayar. Sabon kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) na irin wannan inji yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zink, kuma a tashin farko ana riƙe inji a wajen juyi 2,000 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30.

Illoli

Fistin yana ƙara gudu. A juyi 5,000 a minti, matsakaicin gudunsa yana tashi daga kimanin mita 14.5 a daƙiƙa zuwa 16.5. Zafi yana ƙaruwa, lagireto mai rauni yakan nuna kansa, kuloci da aksul kuma suna ɗaukar nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Saɓani

Wasu na ganin gajeren kwanrod yana matsa fistin a jikin silinda har ya rage wa inji kwana, wasu na cewa a injin da ba ya juyi da yawa bambancin bai taka kara ya karya ba. Ana kuma jayayya kan ko dogon zango ne da kansa yake kawo ƙarfin murɗa, ko ƙarin girman ciki ne kawai.

Doka

A Amurka dokokin hayaƙin mota sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma na Kalifoniya sun fi tsanani.